Burtalin sama: kada mu kori mai gadin radar daga akwatin wifi saboda minti goma

 Yau maganar wifi na kawo muku. Na san wani zai ce wannan ai zancen yara ne masu latse-latse. A yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, domin abin ya shafi abincin matasanmu, ya kuma shafi labarin ruwan sama da manomi da makiyayi ke jira.

Kowa ya ga yadda wuraren sayar da wifi suka yawaita, musamman tun da Starlink ya samu izinin aiki a Nijar. Yaro ya haɗa ƴan kuɗinsa, ya kafa ƙarfe bisa soro, ya ɗaura akwati, ya buga tike yana sayarwa. Ƴan fada na kallon ƙwallo, dillalin bisashe na tura hoton rago ga mai saye a Maraɗi, tsohuwa na ganin fuskar ɗanta da ke Libiya ko Legas. Sana'a ce ta halal, Allah ya sa albarka.

Ɗan ƙanena yana cikin masu wannan sana'a. Kwanakin baya ya zo mini rai a ɓace. Ya ce: "Baba, akwatin nan zai kashe mini kasuwa. Duk lokacin da anka ɗauke kuran anka maido, sunan wifi guda ya kan fito nan take, gudan kuwa, mai saurin, sai ya yi minti goma bai bayyana ba. Mutane sun sayi tike, lokacinsu na tafiya, suna ta zagina." Ya ce wani mai gyara ya duba, ya ce masa abu ne mai sauƙi: a canza sunan ƙasa a cikin akwatin, a kashe wani abu da ake kira DFS, shi ke nan. Har mai gyaran ya yi masa dariya ya ce: "Wanga abu don radar anka yi shi. Mi ya kawo radar Dakoro? Nan sai raƙuma."

Na ce masa kada ya yarda. Ra'ayina ke nan, kuma shi nake so in kare a wannan rubutu: matsalar gaskiya ce, amma maganin da aka ba shi gurɓatacce ne. Akwai hanyar da za a bi a zaɓi kanal mai kyau, a huta da jiran minti goma, ba tare da an taɓa mai gadin radar ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Akwatin wifi, wanda masu sana'ar ke kira rutar, ƙaramin gidan rediyo ne. Yana watsawa, yana kuma saurare. Yawancin akwatunan yanzu suna aiki a zango biyu. Akwai na 2.4, wanda ke zuwa nesa, yana ratsa bangon laka da ɗan dama, amma hanyarsa ƙunci gare ta. Kanal 13 ne a cikinsa, sai dai suna hawan juna, uku kaɗai ne ba sa taɓa juna: 1 da 6 da 11. Sai kuma na 5, wanda za ka ga an rubuta "5G" a ƙarshen sunan wifi. A kula, wannan ba shi ne 5G na kamfanonin salula ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Shi zangon 5 ya fi sauri, ya fi yalwa, amma bango na cinye shi da wuri.

A cikin zangon 5 ɗin ne maganar radar take. Kanal-kanal ɗinsa kashi-kashi ne. Daga 36 zuwa 48 babu ruwansu da radar. Daga 52 zuwa 64, da kuma daga 100 zuwa 140, wuri ne da radar ta riga wifi zama: radar ta masu hasashen yanayi, ta sojoji, da makamantansu. A shekarar 2003, a babban taron rediyo na duniya da hukumar ITU ta shirya a Janeba, ƙasashe suka amince wifi ya shiga wannan fili, bisa sharaɗi guda: in ya ji mai wuri, ya kauce. Wannan sharaɗin shi ne DFS.

Ga yadda yake yi a tsarin Turai, wanda akwatuna da yawa da ke shigo mana suke ɗauke da shi. Kafin akwati ya fara watsawa a ɗaya daga waɗannan kanal, sai ya yi shiru na minti ɗaya yana saurare. In kanal ɗin 120 ne ko 124 ko 128, inda radar ta ruwan sama ta fi zama, shirun minti goma ne. In yana cikin aiki ya ji alamar radar, dole ya tashi daga kanal ɗin cikin daƙiƙa goma, kuma ba zai koma ba sai bayan minti 30. Da muka buɗe akwatin ɗan ƙanena muka duba, a kan 124 yake. Ashe lafiyarsa lau. Umarnin da aka gina shi da shi yake bi.

To, me ya sa radar ke da wannan gata? Domin aikinta sauraron abin da kunne ba zai ji ba ne. Tana harba siginar rediyo mai ƙarfi cikin sama, sannan ta yi kasaƙe tana jiran amsa-kuwwar da za ta dawo daga ɗigon ruwa a cikin hadari mai nisan kilomita ɗari ko fiye. Abin da ke dawowa kaɗan ne ƙwarai. Ka ɗauka mutum ne ya kasa kunne yana sauraron kukan ɗan akuyarsa da ya ɓace a daji, sai wani ya zo gefensa ya kunna amsa-kuwwar biki. Eriyar wifi guda ɗaya da aka ɗaura bisa dogon ƙarfe, ta fuskanci radar, tana iya zana dogon layi a allon masu hasashe, ta rufe duk abin da ke wannan ɓangare.

Wannan ya faru a zahiri. A 2009 hukumar jiragen sama ta Amurka ta gano cewa na'urorin intanet marasa waya suna dagula radar da ke gargaɗin matuƙa jirgi game da iska mai haɗari a filin jirgin San Juwan na tsibirin Fotoriko. Da aka bincika, an samu na'urorin da ba sa kauce wa radar yadda doka ta ce, aka kuma ci tarar kamfanoni. Masu hasashen yanayi na Turai da na Afirka ta Kudu su ma sun daɗe suna kuka da wannan matsala.

Kada kuma a ɗauka irin wannan radar baƙuwa ce a ƙasarmu. A damanar 2006, cikin babban binciken damanar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, an kafa radar ta jami'ar MIT ta Amurka kusa da filin jirgin saman Yamai. A wannan zango na 5 take aiki. Da ita masana suka riƙa bin hadarin nan da muka sani, mai tasowa daga gabas da ƙura a gabansa, suna auna saurinsa da yawan ruwan da ke cikinsa. Yamai ce kuma mazaunin cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel ke dogara da ita wajen hasashen damana.

Yanzu mu dawo ga hujjar mai gyara, domin ba a kyauta ba in aka yi watsi da ita ba amsa. Ya ce Dakoro ta yi nisa da duk wani babban filin jirgi, don me za a wahalar da yaro? Ina da amsa uku.

Ta farko, in har babu radar da akwatinka ke ji, to DFS bai hana ka komai ba. Zai saurara na minti ɗaya, ya ji shiru, ya ci gaba da aiki har sai an ɗauke wuta. Mai gadin da ba ya tare ka, me za ka samu in ka kore shi? Minti ɗaya kacal. Minti goman da ke damun ɗan ƙanena kuwa, sauya kanal kaɗai ya isa ya kawar da shi.

Ta biyu, radar ba a ƙasa kaɗai take ba. Duk wanda ya kula zai ga lambobin kanal sun yi tsalle daga 64 zuwa 100. Wannan giɓi ba mantuwa ba ce, an rufe shi ne ga wifi baki ɗaya. A cikinsa, a kan megahaz 5405, tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Sentinel-1 yake aiki tun 2014. Radar ce mai yawo a sama, tana ganin ƙasa dare da rana, ko da gajimare ya rufe, kuma da hotunanta ake zana taswirar wuraren da ruwa ya ci. Mu mutanen jahar Maraɗi ba sai an ba mu labarin ambaliyar damanar 2024 ba. To, wasu na'urorin da masu haɗa unguwa da unguwa ke amfani da su, in aka cire musu takunkumin ƙasa, har cikin wannan giɓi suke shiga. Mai gyara na ganin ya samo fili babu kowa, alhali gonar wani ya faɗa.

Ta uku ita ce ta fi damuna, wato ɗabi'a. Mai gyaran da ya saba kashe DFS a Dakoro, gobe shi ne zai je aiki Maraɗi ko Tawa ko Yamai, hannunsa ya riga ya saba. Yaran da ke koyo a wurinsa haka za su ɗauka ana yi. Akwatin da aka lalata wa saiti a nan, wata shida sai ka gan shi an sayar da shi a wani gari. Kuma ranar da ƙasarmu ta samu halin kafa radar ta ruwan sama a wannan yanki, abin da kowane manomi zai yi murna da shi, za ta tarar da ɗaruruwan eriya suna ihu a kan hanyarta. Wa zai bi soro-soro yana gyarawa a lokacin?

Mu mutanen Dakoro bai kamata wannan magana ta yi mana wuyar ganewa ba, domin da irinta muka tashi. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, tun 1993 muke da kundin dokokin karkara, ga kwamitocin COFO da ke zama kan rikicin gona da makiyaya. Kowa ya san burtali. Wata tara sai ka gan shi fayau, babu ko saniya guda. Manomin da gonarsa ke gefe sai zuciya ta ce masa: ƙara kunya biyu mana, wa zai gani? Ya ƙara, maƙwabcinsa ya ƙara, shekara uku burtali ya zama siririn zare. Ranar da garke ya gangaro daga Tarka, sai a wayi gari ana maganar jini. Burtali ba don ranar da babu dabbobi aka bar shi ba, don ranar da za su zo ne. Kanal ɗin radar burtali ne a sama. An yarda ka bi ta ciki, har ka yi kiwo, amma in mai hanya ya taho ka matsa.

Duk da haka ba zan ce wa yaro ya yi haƙuri ya ci gaba da asara ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka karɓi dala ashirin ɗin mutum, haƙƙinsa ne ya samu rezo. Ga abin da muka yi, ga kuma abin da nake ba kowane mai wifi shawara.

Da farko, a saka sunan ƙasa na gaskiya. In akwatin ya tambayi ƙasa, Nijar muke, ba Amurka ba. Bayan kiyaye doka, akwai riba a ciki: wayoyin mutane ba kowane kanal suke gani ba. Sau da yawa mai wifi zai kai akwatinsa wani kanal na can sama, ya ga wayarsa na kamawa, amma rabin masu sayen tike su ce ba su ga sunan ba sam.

Na biyu, akwatin da ke cikin shago ko ɗaki, wanda wayoyi ke kamawa kai tsaye, a sa shi a 36, 40, 44 ko 48. Babu jira, babu tashi. Kuran na dawowa, wifi na fitowa. Nan muka mai da na ɗan ƙanena, zagi ya ƙare ranar.

Na uku, eriyar waje mai harba rezo daga soro zuwa wata unguwa. A tsarin Turai, na ƙasa-ƙasan nan an ware su ne domin cikin gida da ƙaramin ƙarfi, na 100 zuwa 140 kuwa su ne aka yarda a yi aikin waje da su da ƙarfin da ya kai wat ɗaya. Ke nan mai eriyar waje ba zai guje wa DFS ba, sai dai ya iya zama da shi. Ya zaɓi tsakanin 100 da 112, ko 132 zuwa sama, ya nisanci 120 da 124 da 128. Jiransa minti ɗaya ne.

Na huɗu, faɗin kanal. Nan ne da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba. Za ka ga an rubuta 20, 40, 80, wani har 160. Mutum ya ga babbar lamba ya ce ita ce mai sauri. Amma faɗin 80 kanal huɗu yake haɗiyewa lokaci guda: in ka sa 36 da faɗin 80, ka cinye 36 har 48, maƙwabcinka bai da wurin tsayawa. In ka sa 116 da faɗin 40 ko 80, ka taka 120 ko da ba ka zaɓe shi ba, minti goma ya dawo. Faɗin 160 kuwa ba ya yiwuwa ba tare da shiga filin radar ba. A wurin da mutum ashirin ko talatin ke raba rezo guda, faɗin 20 ko 40 ya wadatar, ya kuma fi zama daram.

Na biyar, a daina ƙure ƙarfi. Akwati mai ihu waya na jin sa daga nesa, amma ita wayar muryarta ƙarama ce, ba ta iya mayar masa da amsa. Shi ya sa za ka ga sanduna sun cika amma saƙo ya ƙi tafiya. Ƙari a kan haka, eriya mai ƙarfi da ke kusa tana iya ruɗa akwatin maƙwabci, ya ɗauka radar ya ji, ya tashi daga kanal ɗinsa babu dalili. Da yawa daga abin da ake ɗora wa radar laifi, maƙwabci ne. Gara akwati biyu masu matsakaicin ƙarfi a wurare biyu da guda ɗaya mai tsawa.

Na shida, tunda ɗauke wuta ne ke tayar da jiran, a magance shi daga tushe. Akwatin wifi ba ya cin wuta da yawa. Ƙaramin batir da faifan sola sun isa su riƙe shi, ba zai mutu ba balle ya sake sauraro. Kuɗin da za ka ba mai gyara ya lalata maka saiti, tara shi ka sayi batir.

Na bakwai, kuma wannan ba a cikin akwati yake ba: a yi magana da juna. Akwai manhajoji na kyauta a wayar Android da ke nuna maka kanal ɗin da kowane wifi na unguwa yake kai. Ku masu wifi na layi guda, ku zauna a fada kan shayi, ku buɗe ku duba. Wane ya ɗauki 1, wane 6, wane 11. A zangon 5, wane 36, wane 44. Cikin rabin awa kun raba, kowa ya samu sauƙi. In kowa ya ce shi zai fi ƙarfi, ku duka za ku yi asara, masu sayen tike su koma sayen megar salula. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina da kira kuma ga hukuma. ARCEP ce ke da alhakin rabon zangon rediyo a Nijar, kalmarta ce ta ƙarshe kan kanal ɗin da aka halatta da ƙarfin da aka yarda. Yaron da ke sayar da tike a bakin tasha ba zai je Yamai neman takardar faransanci mai shafi hamsin ba. A taƙaita masa a shafi guda, da Hausa da Fulatanci da Tamashek, a karanta a gidajen rediyon gari, a tara masu gyara na jahar Maraɗi a yi musu horo ko na kwana ɗaya ne. Mutanenmu ba masu ƙin doka ba ne in an yi musu bayanin dalilinta. Amma in aka bar su cikin duhu sai ranar kamu, an zalunce su, kuma ba a gyara komai ba.

Ga ƴan'uwana masu gyara, ban zo cin mutuncinku ba. Yawancinku da kanku kuka koyi aikin nan, babu makaranta babu malami, kuma ku ne kuka kawo intanet lungunan da kamfanoni ba su kai ba. Abin da nake roƙo shi ne, in mai wifi ya kawo kukan jira, ku duba lambar kanal da faɗinsa kafin ku taɓa sunan ƙasa. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne kuma ya fi tsabta.

Ku kuma masu sayen tike, in kuran ya dawo kuka ga wifi ya yi jinkirin minti ɗaya, ku sassauta wa yaro. Akwatin na duba hanya ne kafin ya shiga, kamar yadda makiyayi na kirki ke leƙa gona ya tabbata an kwashe amfani kafin ya saki dabbobi.

Ɗan ƙanena yanzu yana kan 44, faɗin 40, maƙwabcinsa na kan 36, sun kuma haɗa kuɗi sun sayi batir guda suna rabawa. Mai gadin radar na nan a kunne a eriyarsa ta soro, bai hana shi cinikin ko dala ɗaya ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu daga ambaliya da fari, ya sa wa sana'ar matasanmu albarka.